Sallamar Tsofaffi Daga Asibiti da Lissafin Iskar Kabon a Ingila

A watan Oktoban 2020 hukumar kula da lafiya ta Ingila, wadda aka fi sani da NHS, ta zama tsarin kiwon lafiya na farko a duniya da ya ɗauki alkawarin daina ƙara wa duniya ɗumi, inda ta tsayar da shekarar 2040 ga hayaƙin da take fitarwa da kanta, da kuma 2045 ga wanda ake fitarwa saboda ita, wato na kamfanonin da ke sayar mata da magunguna da kayan aiki da abinci. Ma'anar alkawarin ita ce a rage iskar kabon da dangoginta, waɗanda ke tare zafin rana a sararin samaniya, har sai ɗan abin da ya rage bai wuce wanda za a iya janyewa daga iska ba. A shekarar 2022 majalisar dokoki ta shigar da wannan buri cikin dokar lafiya da kulawa, ya tashi daga alkawari ya koma wajibi. A daidai wannan lokaci ne kuma asibitocin ƙasar suka duƙufa wajen gaggauta sallamar majinyata, waɗanda akasarinsu tsofaffi ne, domin su ƙarasa jinya a gidajensu. Manufofin biyu asalinsu daban ne, amma sun fara haɗuwa a takardun tsare-tsare, inda ake ƙirga kowane daren da majinyaci bai kwana a asibiti ba a matsayin riba ga muhalli, kuma wannan haɗuwa ce ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira.

Ƙarancin gado a asibitocin Ingila ya girmi duk wata magana ta sauyin yanayi. A ƙarshen shekarun 1980 ƙasar tana da gadajen asibiti kusan 300,000, amma kafin shekarar 2020 sun ragu zuwa kimanin 141,000, alhali jama'a suna ƙaruwa, tsawon rai yana ƙaruwa, masu fama da cuta biyu ko uku a lokaci guda kuma suna yawaita. Wani ɓangare na raguwar ci gaba ne, domin tiyatar da a da take kwantar da mutum mako guda yanzu ana yin ta da safe ya koma gida da yamma. Sai dai an rage har an wuce gona da iri, ta yadda Birtaniya ba ta kai gado 3 ga kowane mutum 1,000 ba, ita kuwa Jamus tana da kusan 8. A 'yan shekarun nan kusan kowace rana ana samun majinyata fiye da 12,000 waɗanda likitoci suka tabbatar ba su da sauran buƙatar gadon asibiti, amma suna nan kwance saboda babu mai karɓar su a waje, kuma rahoton da Lord Darzi, likitan tiyata kuma ɗan majalisar dattawan Birtaniya, ya miƙa wa gwamnati a watan Satumban 2024 ya nuna cewa kashi 13 cikin 100 na gadajen hukumar irin waɗannan mutane ne a kansu. Abin da hakan ke haifarwa ana ganin sa a ƙofar sashen gaggawa, inda motocin ɗaukar marasa lafiya ke yin layi, ake kuma duba wasu a kan gadon turawa a lungunan asibiti. Saboda haka matsin da ke kan shugabannin asibitoci na su sallami mutane matsi ne na gaske, kuma a bayansa akwai rayukan waɗanda ke jiran gado.

Akwai kuma hujja ta likitanci wadda duk mai adalci dole ya yarda da ita, cewa doguwar kwanciya a asibiti tana cutar da tsoho. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 a jere, aka tarar sun yi asarar kusan kilo 1 na tsokar ƙafafunsu, ballantana wanda dama ciwo ya ci ƙarfinsa. Ta haka ne dattijon da ya shigo asibiti da ƙafarsa yake fita sai an riƙe shi zuwa bayi. Ga kuma ruɗewa, wato rikicewar hankali ta farat ɗaya da ke kama tsoho saboda zazzaɓi ko magunguna ko rashin barci ko baƙuncin wuri, wadda ke sa ya kasa gane 'ya'yansa, wani lokaci kuma ba ya dawowa daidai yadda yake a da. Ga cututtukan da ake kwasa a ɗakin kwanciya daga wasu majinyata. Mayar da tsoho gida a kan kari, idan an shirya masa, jinƙai ne a gare shi, kuma mafi yawan tsofaffi da kansu sun fi son su kwana a ɗakinsu.

Hanyoyi biyu aka fi bi wajen yin hakan. Ta farko ita ce a sallama sannan a tantance: maimakon majinyaci ya zauna a kan gado yana jiran jami'ai su zo su auna irin taimakon da zai buƙata, sai a mayar da shi gida tukuna, daga baya a bi shi can a auna. Ta biyu ita ce asibiti a gida, inda mutum ke kwance a ɗakinsa amma yana cikin rajistar asibiti, ma'aikatan jinya suna ziyartar sa, ƙananan na'urori suna auna bugun zuciyarsa da hawan jininsa da yawan iskar oksijin a jininsa suna aikawa ta intanet, babban likita kuma yana ɗauke da alhakinsa. Zuwa watan Satumban 2023 an kai gurabe 10,000 na irin wannan jinya a Ingila, kuma shirin lafiya na shekara 10 da gwamnati ta fitar a watan Yulin 2025 ya sanya mayar da jinya daga asibiti zuwa cikin unguwanni a sahun gaba. Gwajin da Farfesa Sasha Shepperd ta Jami'ar Oxford ta jagoranta a kan tsofaffi 1,055, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa bayan wata shida waɗanda aka yi wa jinya a gida ba su fi na asibiti mutuwa ba, ruɗewa bayan wata ɗaya ta fi ƙaranci a cikinsu, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka ƙare a gidan kula da tsofaffi. Amma gwajin ya nuna wani abu kuma, cewa kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan gida sai da aka kai su asibiti cikin watan farko, idan aka kwatanta da kusan ɗaya cikin shida na waɗanda aka kwantar tun farko. Kuma abin da aka gwada jinya ce a hannun cikakkiyar tawaga ƙarƙashin ƙwararren likitan tsofaffi, wadda ta sha bamban da a sa mutum a mota da ledar magani a ce za a kira shi a waya.

Daga nan ne lissafin kabon ke shigowa. Wani rahoto na 2019 ya ƙiyasta cewa harkar kiwon lafiya tana fitar da kashi 4.4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, hukumar NHS kuma ita kaɗai ta fitar da kwatankwacin tan miliyan 25 a wannan shekarar, kimanin kashi 4 cikin 100 na duk abin da Ingila ke fitarwa. A ma'aunin da masu tsare-tsare a ƙasar suka saba amfani da shi, kwana ɗaya a gadon asibiti na yau da kullum yana daidai da kimanin kilo 38 na iskar kabon, na sashen kulawa ta musamman kuma kusan kilo 90. Da zarar an samu adadi irin wannan, sai lissafi ya zo da sauƙi: a ƙirga kwanakin da aka rage, a ninka da 38, a rubuta sakamakon a rahoton shekara a matsayin gudummawar asibiti ga ceton muhalli. Babu wata ƙa'ida da ta umarci likita ya sallami mutum saboda yanayi, kuma waɗanda ke wannan lissafi akasarinsu mutane ne masu kyakkyawar niyya. Duk da haka adadin da aka maimaita shekara bayan shekara yana da halin zama hujja, kuma hujjar da ta yi daidai da abin da kasafin kuɗi ke so ba kasafai ake tsananta mata bincike ba.

Rauninsa na farko shi ne cewa kilo 38 ɗin matsakaici ne, an same shi ta hanyar raba duk hayaƙin ɗakin kwanciya, da wutarsa da ɗumama shi da wankinsa da abincinsa, a kan yawan kwanakin da aka kwana a cikinsa. Fitar mutum ɗaya ba ta kashe fitilar ɗakin, ba ta rage wutar ɗumama shi, kuma a asibitin da kusan kullum fiye da kashi 90 cikin 100 na gadajensa cike suke, gadon da aka bari da safe kafin la'asar wani yana kansa. Lamarin ya yi kama da motar haya da ke sauke fasinja a tasha ta ɗauki wani nan take: man da za ta sha a hanya bai ragu ba don wancan ya sauka. Ragi na gaske ba ya samuwa sai an rufe ɗaki gaba ɗaya ko an fasa gina sabo, Ingila kuwa tana cikin halin neman ƙarin gado ne. Bugu da ƙari, kwanakin ƙarshe na kwanciya su ne mafi sauƙin hayaƙi, domin tiyata da hotuna da gwaje-gwaje da manyan magunguna duk a kwanakin farko ake yin su, saboda haka kwanakin da sallamar gaggawa ke yankewa su ne waɗanda dama ba su kai matsakaicin ba.

Rauni na biyu shi ne cewa abin da ya fita daga littafin asibiti yakan koma littafin wani. Tsohon da aka mayar gida a lokacin hunturu dole a ɗumama masa gida dare da rana shi kaɗai, bayan a asibiti ɗumi ɗaya ne yake rabawa da mutane da yawa, kuma wannan wuta ba ta shiga lissafin hukumar lafiya, a takardar kuɗin wutarsa take bayyana. Ma'aikatan jinya da masu kula da shi za su riƙa zirga-zirga a mota daga gida zuwa gida. Idan kuma jikinsa ya rikice aka dawo da shi, abin da ke faruwa da kusan ɗaya cikin bakwai na majinyatan Ingila cikin kwana 30 da sallama, kuma ya fi haka a tsakanin tsofaffi, to an sake motar gaggawa, an sake gwajin jini da hoto, an sake kwanciya wadda sau da yawa ta fi ta farko tsawo. Yana yiwuwa bayan an haɗa duk wannan a samu ɗan ragi a wasu wurare, kuma idan an samu abin maraba ne, amma ragin da bai tabbata ba bai kai ya shiga ma'aunin da ake auna lafiyar ɗan Adam da shi ba.

Ingila ta riga ta ga abin da ke faruwa idan wata babbar manufa, komai kyanta, ta zama ita ce ke tura sallama. A ranar 19 ga Maris 2020, a farkon annobar korona, gwamnati ta fitar da umarnin gaggauta sallama da nufin kwashe gadaje 15,000 cikin 'yan kwanaki, kuma ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ƙiyasta cewa tsakanin 17 ga Maris da 15 ga Afrilu an mayar da mutane kusan 25,000 daga asibitoci zuwa gidajen kula da tsofaffi, a lokacin da ba a wajabta yi musu gwajin cutar ba. A watan Afrilun 2022 babbar kotu, a ƙarar da wasu mata biyu da mahaifansu suka rasu a irin waɗannan gidaje suka shigar, ta yanke hukuncin cewa tsarin ya saɓa wa doka, domin bai yi la'akari da haɗarin da masu ɗauke da cutar ba tare da alama ba ke jawo wa raunanan tsofaffi ba. A watan Oktoban 2020 kuma ƙungiyar Healthwatch da ƙungiyar agaji ta Red Cross sun tattara bayanan mutane kusan 590, inda kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka amsa suka ce babu wanda ya biyo su gida ya tantance su bayan sallama. Adadin mutanen ba shi da yawa, amma ya nuna inda tsarin ke karyewa: rabin farko, wato sallama, yana hannun asibiti kuma ana ƙirga shi kullum, rabi na biyu kuwa yana hannun ƙananan hukumomi da ma'aikatan unguwa waɗanda kuɗinsu da yawansu ba su kai ba.

Idan hukuma ba ta zo ba, iyali ne ke cike gurbin. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa a Ingila da Wales akwai mutum miliyan 5 da ke jinyar wani nasu ba tare da albashi ba, kimanin miliyan 1.5 daga cikinsu suna yin sa'a 50 ko fiye a mako, mafi yawansu mata ne, da dama kuma su ma tsofaffi ne, matar da ta haura shekara 80 tana ɗaga mijin da ya girme ta. Alawus ɗin da gwamnati ke ba wanda ke jinya aƙalla sa'a 35 a mako fam 83.30 ne a mako a Afrilun 2025, wato bai kai fam 2.50 a sa'a ba, a lokacin da mafi ƙarancin albashin babba a ƙasar ya kai fam 12.21 a sa'a. Dokar 2022, wadda ita ce ta ƙunshi burin kabon, ta wajabta wa asibiti ya shigar da majinyaci da mai jinyarsa cikin shirin sallama tun da wuri, kuma wannan sashe nata ya cancanci kulawa daidai da wancan. Jinyar mai cutar mantuwa ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye ɗaukar Dala ce ba gammo, kuma duk lissafin da ya ɗauki wannan aiki a matsayin kyauta ya ɓoye mafi girman tsadar tsarin.

Masu aikin kula da tsofaffi da albashi su ma ba su wadata ba. A shekarar 2021 zuwa 2022 an ƙiyasta gurabe 165,000 da babu kowa a kansu a wannan fanni a Ingila, abin da ya sa a watan Fabrairun 2022 aka buɗe ƙofar biza ga ma'aikata daga ƙasashen waje, kuma 'yan Najeriya suna sahun gaba, tare da 'yan Indiya da Zimbabuwe, cikin dubban da suka tafi. Masu karatu da yawa suna da ɗa ko ƙanwa da ke shiga gidajen tsofaffin Turawa tun da asuba, suna yi musu wanka, suna ba su magani, suna gudu zuwa gida na gaba. A watan Maris na 2024 aka hana su tafiya da iyalansu, a watan Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga waje baki ɗaya, a watan da aka ƙaddamar da shirin mayar da jinya gida. Da wuya a ga yadda matakan biyu za su tafi tare, sai dai idan an gyara albashi da yanayin aikin har 'yan ƙasa sun yarda su shige shi.

Inda sauyin yanayi ya shafi sallamar tsoho kai tsaye shi ne halin gidan da ake mayar da shi. Kimanin ɗaya cikin biyar na gidajen Ingila an gina su kafin 1919, da yawa ba sa riƙe ɗumi, kuma sanyi yana takura jijiyoyin jini, ya ɗaga hawan jini, ya ƙara wa jini kauri, ya jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon huhu. Shi ya sa hukumomin lafiya ke ba da shawarar kada ɗumin ɗakin tsoho ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salshiyas, kuma tun 2015 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a ƙasar, ta ce a tabbatar gidan da za a mayar da mai rauni yana da ɗumi kafin a sallame shi. Tashin farashin makamashi a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, ya sa tsofaffi da yawa suna zaɓa tsakanin wuta da abinci, kuma tallafin wutar hunturu da aka taƙaita a 2024 sai a 2025 aka mayar wa mafi yawansu. A yankin Gloucestershire an gwada wani tsari da ma'aikatan lafiya ke rubuta wa masu ciwon huhu da na zuciya ɗumin gida kamar yadda ake rubuta magani, a biya musu kuɗin wuta na hunturu, kuma wannan ya fi kusa da abin da ake nufi da haɗa lafiya da yanayi. Gyara gini ta yadda zai riƙe ɗumi ya fi shi ma, domin yana rage hayaƙi kowace shekara, yana kuma rage komawa asibiti.

Zafi kuwa sabon haɗari ne ga ƙasar da aka gina gidajenta don yaƙi da sanyi. Jikin tsoho ba ya yin gumi yadda na matashi ke yi, ƙishirwa ba ta sanar da shi da wuri, zuciyarsa da ƙodarsa ba su da rarar ƙarfi, kuma magungunan da aka fi sallamar tsofaffi da su, irin masu sa yawan fitsari da na hawan jini, suna ƙara saurin bushewar jiki. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutane kusan 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi, da yawa su kaɗai a ɗakunansu. A ranar 19 ga Yulin 2022 aka auna digiri 40.3 a Coningsby da ke Ingila, karo na farko da Birtaniya ta haura 40, kuma hukumar kare lafiya ta ƙasar ta ƙiyasta ƙarin mace-mace kusan 3,000 a ranakun zafin wannan bazara, kusan dukkansu 'yan shekara 65 zuwa sama, yayin da a faɗin Turai aka ƙiyasta fiye da 61,000. Asibitocin su ma ba su tsira ba, domin a wannan rana cibiyoyin kwamfutar asibitocin Guy's da St Thomas' a Landan suka tsaya saboda zafi. Sai dai a asibiti akwai mai zagayowa da ruwa, akwai mai lura da cewa fitsarin majinyaci ya ragu ko maganarsa ta fara harɗewa, abin da babu shi ga tsohuwar da ke hawa na sama a dogon bene, ita da na'urar da ke ɗaure a yatsarta.

Matakin da Faransa ta ɗauka bayan 2003 ya nuna irin aikin da ake buƙata. An kafa tsarin gargaɗin zafi na ƙasa mai matakai, an ɗora wa kowace ƙaramar hukuma buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassun da ke zaune su kaɗai domin a riƙa kiran su a ranakun zafi, an kuma wajabta wa gidajen kula da tsofaffi su tanadi ɗaki mai sanyi. Duk waɗannan ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi, wasunsu ma ƙarin wuta ne, amma su ne manufar yanayi da ta kalli tsoho a matsayin wanda ɗumamar duniya ta fi barazana ga rayuwarsa.

Wuraren da hukumar lafiya za ta rage hayaƙi ba tare da ta taɓa gadon kowa ba suna da yawa, kuma alƙalumanta da kanta sun nuna su. Kashi 62 cikin 100 na hayaƙinta daga kayan da take saye yake fitowa, kashi 24 daga gudanar da jinya kai tsaye, kashi 10 daga tafiye-tafiyen ma'aikata da majinyata da masu dubiya. Iskar sa barci a tiyata mai suna desflurane ta ninka iskar kabon kusan sau 2,500 wajen tare zafi, kuma da yake akwai madadinta, Sikotlan ta daina amfani da ita a 2023, Ingila ta biyo baya a 2024, ba tare da an tauye wa majinyaci komai ba. An gano cewa a asibitoci da dama mafi yawan iskar rage zafin ciwo da ake turawa ta bututu tana zurarewa ne kafin ta kai ga kowa, gyaran wannan kuwa aikin injiniya ne. Abin shaƙa na masu asma yana ɗauke da kimanin kashi 3 cikin 100 na hayaƙin hukumar, kuma akwai nau'in gari da ya dace da majinyata da yawa. Tun Afrilun 2023 duk kamfanin da ke neman kwangilar da ta haura fam miliyan 5 a shekara sai ya gabatar da shirinsa na rage kabon. A nan ne manyan alƙaluma suke, kuma waɗanda ake matsa wa a nan kamfanoni ne da hukumomi masu ƙarfin ɗaukar matsi.

Akwai dalili na ɗabi'a da ya sa ya kamata a kiyaye harshen da ake magana da shi. Tsofaffi da yawa dama suna jin sun zama kaya, suna jin kunyar tare gado, kuma tsofaffin Ingila na yau, waɗanda suka tashi cikin ƙuncin bayan yaƙin duniya na biyu, ba su saba yi wa likita gardama ba. Idan aka ƙara musu da cewa kwanansu a asibiti yana cutar da duniyar jikokinsu, wanda bai ji ƙarfin jikinsa ba zai ce ya ji, matar da ba za ta iya ɗaga mijinta ba za ta ce za ta iya, sai a rubuta cewa sun amince. Nauyin kuma ba daidai yake sauka ba, domin mai gida mai ɗumi da intanet da 'ya'ya a kusa yana cin moriyar asibiti a gida, mai haya a ɗaki mai laima shi kaɗai kuwa haɗarinsa ne ke ƙaruwa. Burin rage hayaƙi shi ma yana da abin asara a nan, domin jama'ar da ta fara zargin cewa ana korar iyayenta daga asibiti da sunan muhalli za ta juya wa duk shirin baya, har da ɓangarorinsa masu amfani.

Ƙasashen da suka ɗauki irin wannan alkawari, ciki har da Najeriya da ta tsayar da 2060 a taron Glasgow na 2021, za su ga ana tallata musu asibiti a gida a matsayin tsari mai araha kuma mai tsabta. A Kano ko Damagaram jinya dama a wuyan dangi take tun daga kan gadon asibiti, kuma abin da ya fi fitar da tsoho kafin lokaci shi ne ƙarewar kuɗi, saboda haka tsarin da ya dogara da tsayayyiyar wuta da intanet da motar gaggawa mai zuwa cikin mintoci ba zai dasu ba sai an fara samar da waɗannan. Abin da ya fi gaggawa a yankin shi ne zafi, kamar yadda aka gani a Bamako a farkon Afrilun 2024, inda asibitin Gabriel Touré ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawa daga cikinsu 'yan sama da shekara 60.

A Ingila, gyaran da ke hannun hukumar lafiya tun yanzu shi ne ta sauya abin da take ƙirgawa. Duk rahoton da ya bayyana kwanakin gado da aka rage ya kamata ya bayyana a gefensu yawan waɗanda aka dawo da su cikin kwana 30, da waɗanda suka rasu, da waɗanda aka ziyarta a gida a ranar farko, da sa'o'in da iyali suka ɗauka, sannan takardar sallamar kowane tsoho ta amsa tambayoyi a kan ɗumin gidansa a hunturu, da sanyinsa a bazara, da magungunan da ya kamata a sake dubawa idan zafi ya tsananta, da sunan wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa washegari. Babban gyaran kuwa, wato yadda za a samar da kuɗin kula da tsofaffi a gidajensu, yana hannun gwamnati, kuma an daɗe ana ɗage shi: shawarar kwamitin Dilnot ta 2011 ta ƙayyade iyakar abin da mutum zai biya daga aljihunsa an yi ta jinkirta ta har aka soke shirin aiwatar da ita a watan Yulin 2024, sabon kwamitin da Baroness Louise Casey ke jagoranta kuma, wanda aka sanar a watan Janairun 2025, ba a sa ran rahotonsa na ƙarshe sai 2028.